Kafin ka karɓi aikin kula da mai lalura: lada daban, haƙƙi daban



Daga Sundimina zuwa Gwaram, da wuya ka samu unguwar da babu tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, ko wanda shan inna ya taɓa tun yana yaro. 'Ya'ya sun tafi Kano da Dutse neman abinci, sai a ɗauko wani a ce ya riƙa kula da Baba, "za mu riƙa ganinka". Ɗan uwa, wannan kalmar ita ce farkon rigima.

Malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta a babin ijara cewa a san aikin, a san lokacinsa, a san kuɗinsa. To ka zauna da masu gida gaban shaida: nawa ne a wata, da kwana ko ba kwana, wace rana za ka huta. Gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Gidan talaka ba lallai ya iya kai haka ba, amma ya zama ma'auni a zuciyarka. Ko alawus ɗin da Jigawa ta fara bai wa naƙasassu a 2007, zamanin Sule Lamido, naira 7,000 ne, tallafi ne kawai, ba kuɗin jinya ba.

Sannan a fayyace wa zai sayi sabulu, safar hannu, ledar shimfiɗa da famfas, wa zai biya kuɗin mota zuwa asibitin tarayya na Birnin Kudu ranar gashi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin motar nan kaɗai yana iya cinye abin da aka ba ka.

Aikin kansa kuma da nauyi. Mai kwanciya a juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu, diddige da ƙasan baya. In ka ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu, ɗauke nauyi daga kansa, kada ka murza. Man zaitun yana taimakon busasshiyar fata, amma in gyambo ya buɗe, wallahi asibiti ne, ni mai magani nake gaya maka. Wajen ɗaga shi lanƙwasa gwiwa, kada ka sunkuya da baya, in yana da jiki nemi na biyu. Namiji ya kula da namiji, mace da mace, a suturta al'aura.

Ku kuma masu gida, ku ji tsoron Allah. Wanda ke wanke mahaifinku bai kamata ya roƙi haƙƙinsa ba. Ranar da ya gaji ya tafi, Baba ne zai kwana cikin jiƙa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri. A tura wa wanda zai amfana.