Kasuwar hayaƙi a Turai: wa ke yanke iyaka?

A shekarar 2005 Tarayyar Turai ta buɗe kasuwa mai haja ta daban: izinin fitar da hayaƙi. Kowace takarda tana ba masana'anta ko tashar lantarki damar sakin tan ɗaya na iskar kabon. Hukuma ce ke ƙayyade yawan takardun, kamfanin da ya rage hayaƙinsa sai ya sayar da rarar ga wanda ya gaza. Amurka ta riga ta gwada dabarar a kan iskar salfa ƙarƙashin dokar tsabtace iska ta 1990, ta kuma ci riba.

Masu ra'ayin cewa kasuwa ce maganin komai sun yi murna. Abin mamaki, Herman Daly ma bai ƙi tsarin ba, shi da ya jagoranci masanan da ke cewa tattalin arziki yana zaune ne cikin duniya mai iyaka. Daly, wanda ya yi aiki a Bankin Duniya daga 1988 zuwa 1994, kuma ɗalibin masanin tattalin arziki Nicholas Georgescu-Roegen, ya dage cewa tambayoyi uku ne, kuma jere suke: nawa muhalli zai iya ɗauka, wa za a raba wa, sannan ta yaya za a yi ciniki. Misalinsa jirgin ruwa ne. Komai gwanintar mai jera kaya, in lodi ya wuce layin da aka shata a jikin jirgin, nutsewa zai yi.

Turai ta fara daga wutsiya. Gwamnatoci suka raba takardu fiye da kima, galibi kyauta, har farashi ya kusa zama sifili a 2007. Wasu kamfanonin lantarki kuwa sai suka ɗora kuɗin takardun da ba su saya ba a kan masu biyan kuɗin wuta. Rikicin kuɗi na 2008 ya ƙara tara rara, a 2013 tan ɗaya bai kai yuro 5 ba. A wannan farashi, wa zai kashe tashar kwal?

Gyara ya zo ne daga majalisar Turai. An koma yin gwanjon takardu ga masu lantarki, a 2019 aka fara kwashe rarar ana ajiyewa, aka kuma matse iyakar shekara bayan shekara. A Fabrairun 2023 tan ya haura yuro 100, hayaƙin masana'antun da ke cikin tsarin kuma ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da 2005. A ganina Daly ne ya ci wannan muhawara, ko da ba a cika ambaton sunansa a Brussels, hedikwatar Tarayyar, ba.

Inda mabiyansa suka fi ja shi ne sayen takardu daga waje, wanda yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ta halatta. Wasu masana'antu a Sin da Indiya sun riƙa samun maƙudan kuɗi wajen ƙona iskar HFC-23 mai ɗumama duniya, har aka zarge su da ƙara samar da ita don a biya su. Turai ta daina karɓar irin waɗannan takardu a 2013, daga 2021 kuma ta rufe ƙofa ga takardun waje baki ɗaya.