Sabuwar Kwamfuta Tana Mutuwa Tana Tashi Da Kanta: Ta Ina Za Ka Fara Bincike?

Bara na haɗa kwamfutar tebur da hannuna don shagonmu da ke Agege, inda muke buga wa mutane takardu, mu cike musu fom a intanet, mu gyara bidiyon biki. Kuɗin kuwa sa guda Baba ya sayar ya ba ni, ya ce in je in gwada wannan sana'ar tunda na ƙi bin sa kara. Kwana uku da haɗa ta, ina tsakiyar aikin wani kwastoma sai allo ya yi baƙi ɗif, fanka ta tsaya, can kuma ta sake tashi kamar ba abin da ya faru. A ranar sau huɗu ta yi haka. Abin da ya fara zuwa raina shi ne an sayar mini da jabu, in kwashe komai in koma Ikeja in yi rigima. Allah ya sa ban je ba, da na ji kunya.

Abin da na koya daga wannan wahalar shi ne, kafin ka zargi kowa ko ka sake sayen wani abu, sai ka fara gano wace irin mutuwa kwamfutar ke yi. Iri biyu ce, kuma a ido kusan ɗaya suke. Akwai wadda wuta ce ke yankewa, daga waje ko daga ciki. Akwai kuma wadda Windows ce ta ci karo da kuskuren da ta kasa jurewa, sai ta sake kunna kanta da sauri har ba ka samu damar karanta abin da ta rubuta ba.

Raba su ba wuya. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta sysdm.cpl, ka shiga Advanced, a ƙarƙashin Startup and Recovery ka danna Settings, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga yanzu idan Windows ce ke faɗuwa, allon zai tsaya da rubutu a kansa, shuɗi ko baƙi. Ɗauki hotonsa da wayarka, musamman kalmomin da ke can ƙasa da manyan baƙaƙe. Idan kuwa har yanzu ɗif take yi ba rubutu ba sallama, to ka karkata hankalinka wajen wuta.

Akwai wani wuri kuma da ake kira Event Viewer, nan Windows ke ajiye tarihin abin da ya same ta. Shiga Windows Logs, sannan System. Kusan kowa zai tarar da Kernel-Power mai lamba 41, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka an ce musu akwatin wuta ya lalace. Ba haka ba ne. Ma'anarsa kawai kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba, bai faɗi dalili ba. Amma ka buɗe shi ka duba BugcheckCode. Idan sifili ne, Windows ba ta samu ko lokacin rubuta kuskure ba, kuma galibi wannan na nuna wuta ko wani abu a jikin na'urar. Idan lamba 1074 ka gani a daidai lokacin, kwantar da hankalinka, wata manhaja ce ta nemi a sake kunnawa, yawanci Windows Update, wadda kan yi haka sau da yawa a kwanakin farko.

Sai ka samu ɗan littafi. Duk lokacin da ta mutu ka rubuta ƙarfe nawa, me kake yi, kuma wutar NEPA ce ko ta janareta. Ni wannan littafin ne ya cece ni. Bayan kwana biyu na lura ba ta taɓa mutuwa a kan wutar NEPA ba, kullum sai mun koma janareta. Janaretan kuwa mu uku muke raba shi, har da maƙwabcinmu mai sayar da lemo da ruwan sanyi. Duk lokacin da injin firizarsa ya tashi, sai ƙwan shagonmu ya ɗan dushe, a daidai nan kwamfutar ke tafiya. Injin firiza yana zuƙar wuta mai yawa a lokacin tashi, ƙarfin wutar layin sai ya faɗi na ɗan lokaci. Akwatin wuta mai kyau, wanda masu gyara ke kira PSU, an yi shi ne ya riƙe kwamfuta na wajen milisakan 16 idan wuta ta giɓta. Nawa kuwa mai araha ne mara suna, na tsuke kuɗi a kansa don in ƙara a katin hoto. Laifina ne, ba na mai shago ba.

Shi ya sa nake cewa a irin wurarenmu, ko Sabon Ibadan ne ko Mile 12 ko Ama Hausa ta Owerri, inda shaguna ke jan wuta daga waya ɗaya, wuta ce abar zargi ta farko. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka ɗauki kwamfutar ka kai gidan da wutarsa ke tsaye, ka jona ta kai tsaye a bango, ban da ekstenshan ɗin nan na bakin titi, ka yi aiki da ita yini guda. Sitabilaiza tana taimakawa idan wuta ta yi ƙasa ta zauna a haka, amma irin ta gida mai ƙaran ƙas-ƙas ba ta da saurin tare giɓin ƙiftawar ido. UPS ce ke wannan aikin. Ita ma ka lura da lambarta: wadda aka rubuta 650VA ba wat 650 take bayarwa ba, galibi ba ta wuce 400 ba, don haka kwamfuta mai babban katin hoto za ta iya fin ƙarfinta. Wasu kuma ba sa shiri da ƙaramin janareta, sai su yi ta kuka suna komawa kan batir.

Idan wutar waje lafiya lau take, sai a buɗe ciki. Kashe, cire waya daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita. Duba babbar wayar nan mai baki 24 da ke shiga madabod, da ta furosesa mai baki 8 da ke can sama a lungu, wadda hannu ba ya shiga sosai. Kowace sai ka ji ta ce ƙas, ɗan makullinta ya kama. Wayar da ta shiga rabi za ta kunna kwamfuta, amma da aiki ya yi nauyi sai ta saki. Haka ma wayar katin hoto. Idan kuma ka lura mutuwar tana zuwa ne daidai lokacin da ka buɗe gem ko ka fara fitar da bidiyo, to wataƙila akwatin wutar ya yi wa kayan kaɗan. Ari wani mai ƙarfi wurin aboki ka gwada kafin ka saya, amma ka zo da shi tare da wayoyinsa, don wayoyin wani akwati ba lalle su dace da wani ba ko da bakin ya shiga, kuma suna iya ƙona kaya. Shi kansa akwatin kada ka kwance shi, yana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga bango.

Na biyu a jerin waɗanda ake zargi shi ne RAM. Idan guda biyu ne kuma ramuka huɗu, yawancin madabod suna so a sa su a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga wajen furosesa, amma ka duba littafin da ya zo a kwali. Cire su ka mayar, ka danna har su zauna daram. Sannan akwai XMP, ko EXPO a wajen AMD, wanda ake kunnawa a BIOS don RAM ya yi gudun da aka rubuta a kwalinsa. Ba kowace haɗuwar furosesa da madabod ke jure wannan gudun ba. Kashe shi ka yi aiki kwana biyu. Idan mutuwar ta tsaya, ka kama ɓarawon. Idan ba ta tsaya ba, sa MemTest86 a filasha ka bar shi ya kwana yana gwaji. Ko kuskure ɗaya ya nuna, akwai matsala. Sai ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake ware saniyar da ake zargi daga garke a ga ko ita ce.

Zafi ma yana nan, duk da ba shi da yawa kamar yadda ake zato, domin furosesa na zamani rage gudu yake fara yi kafin ya kashe kansa. Sa HWiNFO ka ga ma'auni. Idan kwamfuta tana zaune ba ta komai amma zafi ya haura 80, ko da ɗan aiki kaɗan ya doshi 95 zuwa 100, to fankar furosesa ba ta zauna ba. Kuskuren da sababbin masu haɗawa suka fi yi shi ne mantawa da siririyar ledar da ke manne a ƙasan fankar, ko rashin sa man da ke tsakaninta da furosesa, ko ɗaure kusoshi biyu a bar biyu sako-sako.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da ba a cika tunawa da su ba. Maɓallin Reset na gaban akwati idan ya maƙale, shi kaɗai ya isa ya yi ta sake kunna kwamfuta, don haka zare 'yar wayarsa daga madabod ka gani. Sai ƙafafun ƙarfen da madabod ke zama a kansu: idan akwai guda a inda babu ramin kusa, zai riƙa taɓa bayan allon. Masu gyara kan fito da madabod gaba ɗaya su ɗora shi a kan kwalinsa, da furosesa da RAM guda, su kunna a haka.

Idan kuwa allon mai rubutu ka samu tun farko, je shafin kamfanin madabod ɗinka da na katin hotonka ka sauko da direbobinsu na asali. Sabunta BIOS ma yakan magance wasu matsalolin RAM, amma don Allah kada ka taɓa shi ba tare da UPS ba. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aikin, madabod ɗin na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Duk abin da za ka yi, ka canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka jira ka gani. Wanda ya kashe XMP, ya canja akwatin wuta, ya sake sa Windows duk a rana ɗaya, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, bai kuma san abin da zai mayar wa mai shago ba. Lokaci kuma ba ya jira, don masu sayar da kaya da yawa kwanaki ƙalilan suke bayarwa na canji. Ka tambayi kwana nawa ne tun ranar saye, a rubuta maka a rasit, kuma kada ka yar da kwalaye ko ka ɓare sitikar da suka manna. Idan ka je da hoton MemTest86 a waya ka ce wannan RAM ɗin ne, ga shaida, maganar ba ta yin tsawo.

Ni dai na sayi akwatin wuta mai suna na wat 650 da UPS, maƙwabcina kuma ya yarda muka raba layin firizarsa da namu. Tsohon akwatin yana nan a ƙarƙashin tebur, ina ara wa masu son gwaji, amma ina faɗa musu halinsa kafin su ɗauka.