Bitamin E da Sileniyam: Shin Suna Ƙara wa Saniya Madara?

Masu tallar ƙarin abincin shanu sukan yi wa mai kiwo alƙawarin ƙwarya cike da madara, alhali aikin bitamin E da sileniyam na farko shi ne tsare lafiyar saniya, madarar kuwa lafiyar take bi. Duk lokacin da jiki ya ƙona abinci don samun ƙarfi, yakan fitar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Bitamin E yana tare ɓarnar a bangon ƙwayoyin, sileniyam kuma yana taimakawa wajen kawar da abin da ya tsallake. Saniyar Holstein mai ba da lita 30 a rana ta fi fuskantar wannan ɓarna a makonni 3 kafin haihuwa da makonni 3 bayanta. Cinta yakan ragu, hantsa na ta haɗa dakashi, bitamin E na jininta ya faɗi kusan rabi. A nan ciwon hantsa da maƙalewar mabiyiya suke samun ƙofa.

A 1984, masu bincike a Wooster ta jihar Ohayo a Amurka sun gano cewa ba shanu bitamin E kafin haihuwa ya rage kamuwa da ciwon hantsa da kashi 37 cikin 100, haɗa shi da sileniyam kuma ya rage tsawon jinyar da kashi 62. Duk wanda ya san cutar ya san darajar wannan. Hantsa ta kumbura ta ɗauki zafi, madara na fitowa da gudaji, saniya na harbin mai tatsa, sannan a zubar da abin da aka tatsa muddin tana kan allura. Ribar da ake gani madarar da ba a yi asararta ba ce.

Wani zai ce to a ƙara yawan maganin mana. Gwajin da aka buga a Holan a 2010 ya amsa wannan. An ba wasu shanu awo 3,000 na bitamin E kullum, wasu kuma awo 135, sai ciwon hantsa ya fi yawa a waɗanda aka cika wa, wataƙila domin galibinsu da ma ba su rasa shi ba. Sileniyam ya fi haɗari, don idan ya yi yawa guba ne: gashin wutsiya ya zube, kofato ya tsattsage. Shi ya sa dokar Amurka ta taƙaita ƙarinsa a miligiram 0.3 cikin kowane kilo na abinci.

Wani kuma zai ce zancen shanun Turawa ne. Ɗanyar ciyawa tana ƙunshe da bitamin E mai yawa, amma yana lalacewa idan ta bushe ta daɗe a ajiye, don haka Bunajin da ke kiwo da damina ba ta cika buƙatar ƙari ba, ita kuwa mai cin kara da tattaka da rani tana iya rasa shi. Sai dai babban abin da ke hana ta madara a lokacin shi ne yunwa da ƙarancin ruwa. Mai kiwo ya fara da harawa, dusa, angurya da ruwan sha. Idan saniya ta kusa haihuwa, ya nemi likitan dabbobi ya faɗa masa abin da ta rasa da gwargwadon da za a ba ta.