Gubar Yaƙi da Maganin Feshin Wake

Manomin da ya goya tankin feshi a gonarsa ta wake a ƙasar Gaya ko Ajingi, ya wuni yana bin kunya ba safar hannu ba takunkumi, har ya komo gida da jiri da yawu yana dalala, da wuya ya san cewa abin da ya shaƙa ɗan'uwa ne ga ɗaya daga cikin mugayen makaman da Bil'adama suka ƙera. Alhali kuwa tsatsonsu ɗaya: wani Bajamushe masanin sinadarai, Gerhard Schrader, maganin ƙwari yake nema a 1936 ya faɗa kan gubar tabun, bayan shekara 2 kuma aka fitar da sarin, wadda tana cikin abin da aka zubo wa mutanen Halabja ta Iraƙi ranar 16 ga Maris 1988, kimanin rai 5,000 suka salwanta.

Ma'aikatan jinya na soja, irin waɗanda ke Asibitin Sojoji na 44 a Kaduna, farillar da ke kansu idan irin wannan musiba ta auku ita ce gane alama tun likita bai iso ba: ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, gumi ya keto, nama yana rawa, majina ta cika ƙirji har numfashi ya gagara. Magani kuwa allurar atirofin ce, ita ce dai wadda ake yi wa manominmu. Amma kamar yadda alwala ke gabatar salla, haka tsarki ke gabatar magani. Lalle sai mai jinya ya sa kayan kariya, an tuɓe wa majiyyaci tufafinsa an wanke shi da ruwa da sabulu a waje, kafin ya taka ɗakin jinya, domin a jikin riga mafi yawan gubar ke maƙalewa. Ranar 20 ga Maris 1995, da aka saki sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo, ɗaruruwan mutane suka kwararo asibiti da tufafinsu, har ma'aikata da dama suka kamu ba su je inda abin ya faru ba.

Makamin ƙwayar cuta ya fi wannan makirci, don ba ƙara ba wari, sai bayan kwanaki alama ke bayyana, kamar wasiƙun cutar antaras da suka kashe mutum 5 a Amurka a 2001. Nan kuwa wanda ke riƙe da littafin rajistar asibiti, ya lura zazzaɓi iri ɗaya ya yawaita daga unguwa ɗaya, shi ke fara tada gangami.

Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ya fi kusa da gida: a ƙarshen damina akan kawo mai feshi asibiti bisa babur, ɗan'uwansa rungume da shi, rigar da ta jiƙe da magani tana nan a jikinsa, wani ma an riga an ɗura masa madara.