Me ya sa injin yankan itace ke karkacewa, kuma yaya ake gyara shi?

A Talata Mafara da Bakura da Maradun, shiga daji neman itace ya zama kasada saboda 'yan bindiga, fetur kuma ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Don haka duk gungumen da inji ya yanka a karkace asara ce ta mai da katako, ga haɗarin rauni idan sarƙa ta maƙale ta yi tsalle.

Galibi laifin na haƙoran sarƙa ne. An jera su ɗaya dama, ɗaya hagu. Idan ɓangare guda ya dakushe, wataƙila bayan ya taɓa ƙasa ko dutse, ko kuma an fi wasa ɗayan, sai yankan ya karkata zuwa ɓangaren da ya fi kaifi.

Gyaran yana farawa da kashe inji. A wasa kowane haƙori da magagari mai zagaye a kusurwa ɗaya, yawanci digiri 30, har tsawonsu ya daidaita. Sannan a duba faifan ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kansa: in gefe ɗaya ya fi cinyewa, a daidaita shi da magagari, a riƙa juya shi lokaci-lokaci. A ɗaure sarƙar da ta saki, a tabbatar mai yana isa gare ta.

In karkatar ta ci gaba, lokacin sauya sarƙa ko faifan ya yi.