Me Kiristan Damagaram Ke Nema a Ƙasa Mai Tsarki?

A ƙasar Damagaram, in aka ce wani ya tafi ziyarar ibada, Makka kowa ke kawowa a ransa, don tun ana ratsa Chadi da Sudan a ƙafa mutanenmu suke kan wannan hanya. Kiristocin yankin, waɗanda tarihinsu ya soma da zuwan mishan ɗin SIM birnin Zinder a 1924, su ma suna da wuraren da suke bege: Urushalima, Baitalami, Nazarat da Kogin Urdun. Sai dai akwai bambanci. Aikin Hajji rukuni ne ga Musulmi mai hali, ziyarar Kirista kuwa ba farilla ba ce, kuma wanda ya mutu bai je ba ba a binsa bashin komai.

Hanyar ma ba ta da sauƙi. A Najeriya akwai hukumar gwamnati da aka kafa a 2007 mai shirya wa Kiristoci wannan tafiya. Nijar kuwa ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila tun 2002, ga tsadar jirgi, ga yaƙin da ya ɓarke a Oktoban 2023 wanda ya tsayar da masu ziyara da yawa. To, abin da ba wajibi ba, ga wahala ga kashe kuɗi, me ake zuwa nema? Amsar ita ce fahimta. Kuma mutumin karkarar Damagaram, kamar na Dakusa, ya fi Bature saurin samun ta, domin rayuwar da Littafi Mai Tsarki ke ba da labarinta, ta rijiya da garke da jiran ruwan sama, ita yake yi kullum.

Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne ƙanƙantar ƙasar. Daga Dan a arewa zuwa Biyasheba a kudu kusan kilomita 240 ne, kamar daga Zinder zuwa Maraɗi. Baitalami ba ta kai nisan Mirriya daga Zinder ba, don kilomita 10 ne kacal tsakaninta da Urushalima. Abin da ake kira Tekun Galili tafki ne mai tsawon kilomita 21 da faɗin 13, kana wannan gaɓa kana hangen waccan. Wanda ya taso yana jin waɗannan sunaye a majami'a yana zaton wata duniya ce daban, sai ya tarar da ƙauyuka ne na masunta da manoma. Nan mai tunani ke gane cewa Allah bai raina ƙaramin wuri ba, kuma ƙauyen da ya fito ba abin kunya ba ne.

Rijiyar Yakubu tana kusa da Nablus, a ƙarƙashin wata majami'ar Girkawa ƴan Otodoks. Ana sauka da matakala zuwa wani ɗan ɗaki, ga bakin rijiyar na dutse, ga igiya da guga. Zurfinta ya kai kusan mita 40. In an zuba ruwa kaɗan a ciki, sai an ɗan jira kafin a ji ƙarar faɗuwarsa. A nan ne, bisa sura ta 4 ta Bisharar Yohanna, Yesu ya roƙi wata Basamariya ruwan sha da tsakar rana. Macen Dakusa ba ta bukatar a yi mata dogon bayani. Ta san mata da sassafe ko da yamma suke zuwa rijiya, a tare, ana hira, kuma wadda ta fito ita kaɗai rana na tsaka akwai abin da take gudu. Ta san baƙon da ba shi da guga dole ya sauke girman kai ya roƙa. A bakin wannan rijiya kuma Yesu ya nuna cewa sujada ta gaskiya ba ta rataya ga wani dutse ko wani birni ba, magana ce ta zuciya. Wurin ziyara ne da kansa ke gaya wa mai ziyara kada ya dogara ga wuri.

Akwai kuma inda bambanci ne ke buɗe ido. Manominmu da sungumi yake sara, ya jefa ƴan ƙwayoyin hatsi a rami, ya rufe da ƙafa. Shi ya sa misalin mai shuka da Yesu ya bayar ke ɗaure masa kai: wane irin manomi ne zai zubar da iri a kan hanya da kan duwatsu? A tuddan Galili zai ga dalili. Alkama da sha'ir ake nomawa, da can watsa iri ake yi da hannu, gonakin kuma cike suke da duwatsu da ƙaya, ga turba ta ratsa su. Daminarsu ma a lokacin ɗarinmu take, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu.

A Baitalami, ƙofar Majami'ar Haihuwa ba ta wuce mita ɗaya da ɗan kai ba, don haka sarki da talaka duk sai sun sunkuya. A Urushalima kuwa, Majami'ar Kabari Mai Tsarki ɗariku shida ne ke raba ta, har da Kibɗawan Masar da Habashawa, waɗanda sufayensu ke zaune a kan rufin. Mabuɗin ƙofar yana hannun Musulmi ɗaruruwan shekaru: gidan Juda ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa da rufewa. Wanda ya ga majami'un Zinder suna cin wuta a ranar 16 ga Janairun 2015 ba zai wuce wannan ƙofa bai tsaya ba. Amana tsakanin maƙwabta masu addini daban abu ne mai yiwuwa, kuma tana iya daɗewa fiye da daular da aka ƙulla ta a ƙarƙashinta.

Sai dai a yi hattara da abubuwa biyu. Ba kowane wuri ne aka tabbatar ba. Sai a ƙarni na 4, zamanin Sarki Kustantin, aka gina manyan majami'un farko a waɗannan wurare, kusan shekara 300 bayan Yesu. Shi ya sa a Urushalima ake nuna kabari biyu, a Kogin Urdun kuma ana nuna wurin baftisma a gaɓar nan da gaɓar can. Wannan ba ya rage bangaskiya, sai ga wanda ya jingina ta ga dutse. Na biyu, ruwan Urdun da man zaitun da ake sayarwa a kwalabe tsaraba ce. Duk wanda ya dawo yana karɓar kuɗin marasa lafiya da sunan maganin Urushalima, cuta yake yi.

Wanda Isra'ila ta gagare shi, Jodan na da Dutsen Nebo inda Musa ya hango ƙasar alkawari, da Al-Magtas, wurin baftisma a bakin kogin, Masar kuma na da Dutsen Sina'i da tsoffin majami'un Alƙahira. Duk inda aka je, a nemi Kiristocin wurin a gaisa, a ji halin da suke ciki, don su ma ƴan tsiraru ne kamar mu, kuma da sunan Allah suke addu'a cikin Larabci.

Wanda ya samu hali ya je, ya karanta Bishara kafin ya tashi, in ya dawo kuma ya koyar da abin da ya gani maimakon neman a ƙara masa laƙabi. Wanda bai samu ba, kada ya sayar da gona ko ya ci bashi saboda ziyarar da ba a wajabta masa ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, kuma abin da aka ɗora wa Kirista, ƙaunar Allah da ta maƙwabci, a Dakusa za a tambaye shi.