Ba Iska Ba Ce: Sikila, Shanyewar Jiki da Sunan da Muke Ba Ciwo

A shekarar 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Zolgensma, maganin wani ciwon gado da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ke lalata jijiyoyin da ke motsa jikin jarirai. Kuɗin allura ɗaya ya haura dala miliyan 2. Mu nan Katsina wannan sai dai mu ji a labari. Amma muna da namu ciwon gadon mai taɓa ƙwaƙwalwa, maganinsa kuma ba ya buƙatar sayar da gida.

Ina nufin amosanin jini, wato sikila. An ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da shi a Nijeriya kowace shekara. Mun san shi da ciwon ƙashi da ƙarancin jini, amma kaɗan ne suka san yana toshe hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu nau'in SS yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya cika shekara 20.

Ni ba likita ba ne, nazarin harshe na karanta, shi nake koyarwa. Abin da wannan fanni ya nuna mini shi ne, sunan da aka ba ciwo shi ke zaɓar ƙofar da za a kai maras lafiya. Yaro ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannu ya saki, sai a ce "iska ta buge shi". Da an faɗi haka, an rufe maganar asibiti, an buɗe ta hayaƙi da turare. Haka muka daɗe muna kiran foliyo "shan inna", muna jingina shi ga Inna ta bori. Rashin sani, in ji Bahaushe, ya fi dare duhu.

Alhali kuwa ana iya hango wannan masifa tun ba ta iso ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kan yaro, ta auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, ba allura ba yanka. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. A Amurka tun 1998 aka tabbatar cewa ƙarin jini a kai a kai yana kare irin waɗannan yara, sai dai wannan ya fi ƙarfin yawancin iyayenmu. Shi ya sa likitocin Kano da Kaduna, tare da takwarorinsu na Jami'ar Bandabilt, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin awo nata, sau ɗaya a rana, yana ba da kariya. Aikinta shi ne ƙara irin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Likita ne kaɗai ke rubuta ta, tare da gwajin jini lokaci zuwa lokaci.

To, wace uwa ce a Kofar Sauri ko Rafindadi za ta riƙe sunan haidiroksiyuriya? Shawarata ga Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Turai Yar'aduwa da gidajen rediyonmu ita ce su zauna da masana Hausa na Jami'ar Umaru Musa Yar'aduwa, a tsayar da kalmomi masu sauƙi: "awon ƙwaƙwalwa" da "maganin kariyar ƙwaƙwalwa". A riƙa faɗarsu a ɗakin awo, a huɗuba, a wajen suna. Mu kuma da muka yi boko, duk mai ɗa ko jika mai sikila, ya tambayi likita wannan awon tun yaro na shekara 2. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.